Kwana Goma Sha Biyu Baba Yana Likita

Mahaifina mai wasa da macizai ne. Sai da na yi shekara tara a Faransa kafin bakina ya iya furta wannan magana.

A ƙauyenmu da ke kudu da Maradi kowa ya san shi. Ranar kasuwa yakan shimfiɗa buhu a gindin tsamiya, ya buɗe akwatinsa na katako, kumurci ya fito ya fasa kai, jama'a su ja da baya suna salati, shi kuwa ya sa masa ido ko ƙiftawa babu har abin ya gaji ya kwanta. Daga nan sai ya sayar da maganin sara. In maciji ya shiga rumbu ko ɗakin wani, shi ake aika wa. Bai taɓa kiransu da sunansu ba, "mutanena" yake cewa. Da wannan akwatin aka saya mini allo da alli, da shi aka kai ni lakkal, makarantar boko, a birni. Hannuwansa kuwa duk tabon sara ne, manuninsa na dama rabi ne, babban yatsansa na hagu ya ƙandare ba ya lanƙwasuwa.

A makaranta in na wuce sai yara su riƙa yi mini huci irin na macijin kasa. Na tsani wannan hucin, har yau in tayar keke tana sacewa sai na waiga.

Makon farko da na zo Lyon karatun kimiyyar haɗa sinadarai, wata mata a ofis tana cika mini takarda ta tambayi sana'ar uba. Na ce likitan dabbobi. Wallahi ban shirya ba, haka kawai ta fito ta zauna daram. Na lallashi kaina da cewa ai ba ƙarya ba ce tsantsa: dabbobi ne, shi ke ciyar da su, in sun yi ciwo shi ke jinya. Daga takarda maganar ta shiga bakin abokai, ta shiga ɗakin bincikenmu a Saint-Fons, ta kai kunnen farfesan da ke duba aikina. Har kwalejin da Baba ya yi sai da na ƙirƙiro masa, shi da bai taɓa zama a benci ba.

Da lokacin kare kundin digirina ya zo, na samo masa biza. Na yi murna ƙwarai, kuma ina jin tsoro. Ba tonon asiri a gaban mutane ne ya fi damuna ba. Abin da ba na so shi ne Baba ya gane cewa ɗansa yana jin kunyarsa.

Na tarbe shi a filin jirgi a Paris cikin sanyin ƙarshen shekara. Kafin mu gama gaisawa na zaro safar hannu baƙa ta fata na zura masa. Na ce sanyin ƙasar nan yana cin yatsu, ba a cire ta. Ya juya hannuwan ya duba gaba da baya, ya ce, "To."

Mun sauka a Aubervilliers wurin wani Alhaji mutumin Damagaram da ke aiki a manyan ɗakunan ajiyar kaya na unguwar, wanda gidansa ya zama masaukin duk ɗan Nijar da ya biyo ta Paris. Na zaɓe shi ne don ba mutumin Maradi ba ne. Muna shiga ya ware hannu.

"Docteur! Bienvenue, sannu da hanya, Likita! Ina gajiya? Ina mutan gida?"

Baba ya amsa gaisuwa tsaf, sannan ya karkato kunnensa mai ji wajena, don ɗayan ya daɗe da mutuwa. "Mi yac ce da ni?"

"Haka ake kiran kowane dattijo a nan, Baba. Girmamawa ce."

"To."

Bayan la'asar falon ya cika da 'yan Nijar masu zuwa gaida likita. Wani ya kawo ƙarar ragonsa da ke can Tawa, wai an yi masa waya an ce ya daina cin abinci. Baba ya tambayi kalar kashin ragon, ya tambayi ko yana tuƙa, ya ce a ba shi kanwa a ruwa a daina ɗaure shi a rana. Mutumin ya rubuta a wayarsa yana ta godiya. Can sai wani dogo da ke lungu, wanda tun shigowarsa yake kallon Baba, ya ce shi mutumin Tibiri ne, nan kusa da Maradi.

"Baba, ni kam kamar na san huskar ga. Ba a kasuwa ba? Gindin wata tsamiya?"

Na ji shayin da ke bakina ya zama ruwan sabulu. Baba ya sa masa idon nan da yake sa wa kumurci.

"Huskar tsohwahhi duk ɗaya ce, ɗana."

Dogon ya yi dariyar yaƙe ya kau da kai. Ni kuwa na ce a raina Allah ya rufa asiri, Baba bai gane komai ba. Dubi wautar mai shirin zama dokta.

Kashegari muka hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Ina zaune ne a Vénissieux, hawa na goma sha ɗaya a ɗaya daga dogayen benayen Minguettes. Ƙofar da ke kallon tawa ta wani abokin aikina ce, mutumin kudancin Indiya, tare muke shiga ɗakin bincike kowace safiya. Mahaifiyarsa ta zo ta tare a wurinsa don ta ga abin da ya hana shi aure. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ba Faransanci ko kalma ɗaya, amma duk abin da ke faruwa a hawan nan ta sani.

Ran Lahadi suka kira mu cin abincin rana. Zaman ya kasance haka: tsohuwa ta yi magana da yarensu, ɗanta ya mayar mini da Faransanci, ni in mayar wa Baba da Hausa, amsa kuma ta bi hanyar ta koma. Duk abin da zai wuce sai ya bi ta bakina, don haka hankalina kwance. Na manta da abu ɗaya. An kawo shinkafa da miya mai yaji, na yi maza na miƙa wa Baba cokali, sai ya ga tsohuwa ta sa hannu. Ya ajiye cokalin, ya ce mutanen kirki ke nan, ya zare safar.

Tsohuwa ta bar lomarta a hanya. Ta kalli ɗigon tabo bibbiyu da suka bi bayan hannun har wuyansa, ta kalli rabin yatsan. Ta fito daga ƙasar da ba a yi wa mutum bayanin irin wannan tabon. Ta yi tambaya, ta iso gare ni.

Na ce raƙumi ne ya cije shi a wurin aiki.

Abokina ya mayar mata. Ta dube ni yadda ake duban yaron da ya ce ba shi ya sha zumar ba alhali ƙudaje na bin bakinsa. Sai ta gyara zama ta shiga ba da labarin macizan ƙasarsu.

Ta ce a bayan gidan kakanninta akwai 'yar kurmi da ba a sare ko reshe, an bar wa macizai, da duwatsu da aka sassaƙa da siffarsu, kuma akwai ranar da mata ke kai musu madara. Ta ce macijin da ya shekara ɗari bai sari kowa ba yana samun ikon rikiɗa ya zama mutum, ya shiga kasuwa, har ya yi aure ya haihu, ba a gane shi sai ta ido, don ba ya ƙiftawa. Ta ce tsofaffin cikinsu suna da dutse mai haske a ka. In kuma aka kashe namiji, hoton wanda ya kashe shi na zama a cikin idon gawar, matar ta zo ta duba ta bi mutum ko ina ya gudu. Abokina yana fassarawa yana sosa ƙeya, yana ƙarawa da nasa: "Ka san tsofaffi, c'est du folklore, tatsuniya ce kawai."

Ni na san labaran nan tun ina yaro, daga silimar Indiya da muke leƙe a Maradi. Baba bai taɓa shiga silima ba. Ya saurara kamar yadda maƙeri zai saurari mai ba da labarin ƙarfe.

"Shekara ɗari?" in ji shi. "Wa ka ba shi ɓeraye duk shekarun nan? Nawa wanda ya hi daɗewa sha huɗu yay yi, shi ma haƙoran sun zube."

Na ce da Faransanci, "Mahaifina ya ce labarin yana da ban sha'awa."

"Kuma ka hwaɗa mata mutanena ba su shan madara. Na gwada. Zawo take sa su."

"Ya ce a wurinmu ma ana girmama madara."

"Dutse a ka kau, na shahwa kawuna sun hi dubu, ban da ƙaiƙayi ban taɓa jin komi ba. Da akwai shi da ban tsuhwa ina zama a buhu ba."

"Ya ce yana fatan wata rana ya ga Indiya."

Sai da aka zo kan matar da ke bin mai kisa Baba ya gyaɗa kai. Ya ce wannan kam kada a yi musu, ya taɓa ɗauke namiji daga wani rumbu, matar ta biyo shi har gida ta kwana uku a bakin zaure. Wannan ban fassara ba sam, na ce yana yaba miyar. Duk tsawon zaman nan tsohuwa ba bakinmu take kallo ba, idon Baba take kallo.

Daga Litinin na koma ɗakin bincike, ina ta gyaran jawabin da zan yi, na bar Baba a gida. Sanyi ya hana shi sakat. Ya jawo tabarmar salla ya manne da ƙarfen ɗumama ɗaki, nan yake wuni a miƙe, in rana ta ɗan leƙo ya ja jiki zuwa bakin taga ya bi ta. Kowace safiya yakan fasa ɗanyen ƙwai biyu ya haɗiye, wai maganin ƙirji. Busasshiyar iskar ɗakin kuma ta sa fatar ƙafafunsa da ta hannu ta fara ɓarewa tana zuba fari-fari a tabarma. Na ba tsohuwa makulli don ta riƙa leƙa shi. Ta leƙa kuwa.

Ran Talata na fito na tarar da kofin tagulla cike da madara a bakin ƙofarmu, da 'yan furanni a gefe. Na ce maƙwabtaka ce. Baba ya ce abin da aka kawo wa baƙo ba a mayar da shi, ya yi bisimilla ya shanye. Shi kuwa tun yana saurayi madara ba ta zama a cikinsa. Ya wuni yana sintiri tsakanin ƙarfen ɗumi da bayi. Laraba kofi ya dawo. Alhamis ya dawo da ƙaninsa. Baba ya rame, ya ƙara yin shiru, idanun suka ƙara fitowa, amma ko sau ɗaya bai bar ɗigo ba.

Ran Jumma'a a wurin cin abincin ma'aikata abokina ya ajiye farantinsa kusa da nawa, ya daɗe yana juya cokali.

"Akwai maganar da ban fassara maka ba ran Lahadi," in ji shi. "Kada ka ji haushi. Mahaifiyata ta ce babanka maciji ne."

Ruwa ya sarƙe ni.

"Ta ce mutumin da aka sara sau da yawa haka bai mutu ba, ba mutum ba ne, faɗa ne da 'yan'uwansa. Ba ya ƙifta ido. Kunnensa ba ya ji. Yana bin rana, yana haɗiye ƙwai, kuma shekaranjiya ta ga yana saɓa. Ta tsinci saɓar ta ƙulle a gefen zaninta." Ya rufe fuska da hannu. "Tana so ya sa mini albarka in samu mata. Ni mai binciken sinadarai. Don Allah kada kowa ya ji a ɗakin bincike."

Na yi dariya har da hawaye, shi ma ya yi. Ya ce, "Ka ga kai ka huta, babanka ɗan boko ne." A nan ne ya kamata in faɗa masa. Maganar ta zo har bakina, na kora ta da ruwa.

Ranar kare kundi Baba ya sa babbar rigarsa shuɗiya da na aika masa, ya naɗa rawani, ya zauna a layin gaba. Awa uku ina magana a kan abin da bai san ko kalma ɗaya a ciki ba, bai motsa ba, bai yi gyangyaɗi ba, idonsa a kaina. Ɗaya daga cikin alƙalan ya gaya mini daga baya cewa ya so ya matsa mini da tambaya, amma duk sanda ya ɗago sai ya haɗa ido da dattijon nan ya fasa. Aka ce na ci, aka tafa.

Al'adar can ita ce sabon dokta ya yi 'yar walima a wani ɗaki kusa. Ɗakin ya yi zafi, kowa ya tuɓe kwat. Baba bai cire safar ba. Ban ce ya bar ta ba, ban ma tuna masa ba tun safe. Ina kallo yana fama da ɗan ƙosai da yatsun fata yana suɓucewa, zufa na bin gefen rawaninsa. Tsohuwa ta ratso mutane da kofinta na tagulla, ta miƙa masa da hannu biyu, ta sunkuya ta taɓa ƙafarsa. Ya ja ƙafar da sauri yana istigfari, amma madarar ya shanye ta.

Sai farfesa ya buga cokali a jikin kofi, ya ce ba mamaki ɗan likita ya zama mai bincike. Ya juyo ga Baba da fara'a ya tambayi wace irin dabba ya fi ƙwarewa a kanta. Mutum talatin suna jira. Ban sami hanyar lanƙwasa tambayar ba, na mayar masa da ita yadda take, da kalmar likita da komai.

Baba bai dube ni ba. Ya mayar da hannuwansa bayansa.

"Ce mishi shanu."

Na ce shanu. Aka yi tafi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma wannan karon na san kunyar wa nake ji.

Ranar tafiya, da hantsi, muna tsaye a bakin asansar, na'urar sauka daga bene, da jakarsa, sai ga tsohuwa da ɗanta. Ta yi wata doguwar magana tana haɗa tafin hannu. Abokina ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya fassara duka: tana roƙon ya gaya mata gaskiya kafin ya tafi, ba za ta faɗa wa kowa ba, shi ɗin ne ko ba shi ba ne? Ni ma na gaji. Na gaya wa Baba komai, da ƙwan, da saɓar da ke ƙulle a zani, da dalilin madarar.

Ya yi dariyar da tun zuwansa ban ji ya yi ba, har da riƙe bango. "Ashe abin da ya sa anka kusa kashe ni da zawo ke nan!" Ya share ido. Sannan ya zare safar ɗaya bayan ɗaya, ya ninke, ya sa mini a hannu.

"Ka hwaɗa mata, kuma wanga karo ka hwaɗi yadda na hwaɗi. Gidanmu akwai mai rikiɗa, amma ba ni ba ne."

Na faɗa yadda ya faɗa. Na ƙara da abin da bai ce in faɗa ba: akwatin, da tsamiyar, da rumbunan mutane, da cewa babu wani raƙumi. Abokina ya buɗe baki yana kallona, sai da na zungure shi ya mayar wa uwarsa. Ta saurara har ƙarshe, ta ce wani abu gajere tana gyara zani.

"Ta ce duk haka suke cewa."

Baba ya ɗora wannan hannun mai rabin yatsa a kan abokina, ya roƙa masa Allah ya ba shi mace tagari, ya ce a gaya wa tsohuwa addu'ar mutum ce, ta yi haƙuri da ita.

Muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ni da Baba. Ya jingina da taga, hannuwansa a buɗe bisa gwiwa. Wata Baturiya da ke zaune gabanmu ta yi ta satar kallonsu, ta kasa daurewa, ta ba da haƙuri ta tambaye ni me ya sami hannun dattijon. Na gaya mata, da muryar da na bayanmu ma sun ji. Ta dafe ƙirji.

Baba ya karkato kunnen mai ji. "Mi kac ce mata?"

"Na ce sana'arka ce, Baba. Na ce da ita ka yi mini karatu. Na ce wannan yatsan kumurci ne ya cinye shi."

Ya ɗaga rabin manunin ya duba, ya girgiza kai.

"Wanga kububuwa ce. Kumurcin ga nashi nan." Ya miƙo mata babban yatsan hagu har gaban hancinta. "Gyara mata."